Idan Zuciyar Ɗaya Ta Buga, A Duba Ta Sauran 'Yan Gidan

A wurin zaman makoki na ji maganar da ta hana ni barci. Mamacin ɗan kasuwa ne, bai cika shekara arba'in da biyar ba. Ya dawo daga sallar La'asar, ya sunkuya zai ɗaga buhu a bakin shagonsa, sai ya dafe ƙirji, ya yanke jiki ya faɗi. Kafin a samo mai adaidaita sahu rai ya yi halinsa. Muna zaune a kan tabarma a ƙofar gida, wani dattijo na gefena ya fara lissafi da yatsunsa a hankali. Mahaifin marigayin ma haka ya tafi, a gona. Baffansa kuma a tashar mota. Akwai wata gwaggonsu da ta rasu tana jego, ƙafafunta a kumbure. Ya girgiza kai ya ce, "Gidan nan ai haka suke, ba sa tsufa."

Na ɗaga ido na dubi ƙannen mamacin su uku, suna jere suna amsa gaisuwa. Da jama'a suka ragu na matsa kusa da babbansu, na yi masa ta'aziyya, sannan na ce, "Alhaji, don Allah an taɓa duba zuciyarku, kai da 'yan'uwanka?" Ya ce, "Mu ai lafiyarmu ƙalau, Malam." Ya yi shiru kaɗan, sai ya ƙara da cewa, "Shi ma Yaya lafiyarsa ƙalau har ranar."

Abin da nake tsoro ke nan. Ajali na Allah ne, ba mai jayayya da wannan. Amma idan mutuwa iri ɗaya ta yi ta zagayowa gida ɗaya, ta ɗauki uba, ta ɗauki ƙanen uba, ta ɗauki ɗa, to akwai abin da take nunawa, kuma masu rai ne ya kamata su gani. Mun iya rabon gado, muna kiran malami a auna gona taku-taku, a ƙirga har tukwane. Akwai gadon da ba ya jiran malami, tun a ciki aka raba shi, yana zaune a ƙirjin yaro yana girma tare da shi.

Zuciya ɗakuna huɗu gare ta, kuma tana da ƙofofi huɗu da jini ke bi. Likitoci kan kira kowace ƙofa bawul, kalmar da duk mai keke ko babur ya sani. Ka tuna yadda mai faci yake yi idan ya gama ba taya iska: ya dangwalo yawu ya ɗora a bakin bawul, ya zuba ido. In kumfa ta taso, ya san iska na zurarewa. Aikin bawul ɗin zuciya ke nan, ya buɗe jini ya wuce gaba, ya rufe gam kada ɗigo ya dawo baya, kusan sau 100,000 kowace rana, tun daga cikin mahaifa har kabari. Lalacewarsa iri biyu ce. Ko dai ya tsuke ya ƙandare, jini ya riƙa kutsawa da ƙyar, ko kuma ya saki ya riƙa yoyo. Abin da ke yaudarar mutane shi ne haƙurin zuciya. Idan ƙofa ta tsuke sai naman zuciyar ya ƙara kauri, kamar damtsen ɗan dako, ya ci gaba da turawa. Idan tana yoyo sai ɗakin ya ƙara faɗi ya ɗauki rarar. A haka za ta yi shekara goma, ashirin, har talatin, mutum na noma, yana azumi, yana aure yana haihuwa. Ranar da ya fara haki a kan matakala, an riga an yi nisa.

Duk wanda ya kalli ƙwallo a 1996 ya tuna Nwankwo Kanu a Atlanta, ƙwallaye biyun da ya zura wa Birazil, da lambar zinaren da Najeriya ta ɗauko. Yana ɗan shekara 20, ba wanda zai dube shi ya ce yana da ciwo. Bayan 'yan makonni, likitocin Inter Milan, ƙungiyar da ta saye shi daga Ajax, suka gano matsala a bawul ɗin da ke bakin babbar jijiyar da ke fitar da jini daga zuciya zuwa jiki, wadda ake kira awota. A watan Nuwamba na shekarar aka yi masa tiyata a Cleveland ta Amurka. Ya dawo fili, ya tafi Arsenal a 1999, ya kafa gidauniyar taimakon masu ciwon zuciya a 2000. Gwajin da kulob ke yi wa ɗan wasa ne ya tsamo shi. Ɗan kasuwar da muka binne bai taɓa samun wanda ya ɗora masa abin sauraro a ƙirji ba.

Wannan bawul na bakin awota da ganye uku ake haihuwar yawancin mutane. Amma mutum ɗaya zuwa biyu cikin 100 da ganye biyu ake haihuwarsu, kuma maza sun ninka mata sau biyu zuwa uku. Shi ne lahanin zuciya na haihuwa da ya fi kowanne yawa. Ganye biyu na iya aiki, sai dai yana saurin gajiya. Wani abu mai kama da alli yakan taru a kansa ya ƙandarar da shi tun mutum na shekara arba'in ko hamsin, alhali mai ganye uku sai ya kai saba'in ko tamanin kafin hakan ta same shi, in ma za ta same shi. Ga kuma wani haɗarin a gefe: sau da yawa ita kanta awotar bangonta ba shi da ƙwari, takan yi ta buɗewa a hankali kamar tiyo ɗin da ya sha rana.

Kuma yana bin jini. Idan aka sami mutum ɗaya da shi, kusan ɗaya cikin goma na iyayensa, 'yan'uwansa na ciki ɗaya da 'ya'yansa su ma suna da shi. A 2005 wasu masu bincike a Dallas ta Amurka suka bi zuriyar wani babban gida da wannan ciwo ya addaba, suka gano ɓaraka a wata ƙwayar gado da ake kira NOTCH1. Tun daga nan an gano wasu. Shi ya sa ƙungiyoyin likitocin zuciya na Amurka da Turai suka ba da shawarar a yi wa dangin kusa hoton zuciya ko da ba sa jin komai. Arnold Schwarzenegger, wanda muka sani da Kwamanda a gidajen kallo, mai ƙirjin nan kamar bango, da ganye biyu aka haife shi. An yi masa aiki a 1997, aka sake a 2018, aka kuma a 2020. Da bakinsa ya faɗa cewa ciwon nan ne ya kashe mahaifiyarsa da kakarsa, kuma mahaifiyar tasa ƙin yarda ta yi a yi mata aiki. Zuriya uku, ciwo ɗaya, wanda ya je aka duba shi ne ya haura shekara 75.

Akwai wani gadon da ya fi wannan gaggawa, ko da yake bai kai shi yawa ba. A 1896 wani likitan yara a Faris, Antoine Marfan, ya bayyana wata yarinya 'yar shekara biyar mai dogayen gaɓoɓi da zara-zaran yatsu, ciwon ya ɗauki sunansa. Sai a 1991 aka gano tushensa, wata ƙwayar gado mai suna FBN1, wadda ke sarrafa zaren da ke riƙe naman jiki ya ba shi ƙwari da talewa. Idan zaren ya yi rauni, bawul ya saki, awota ta buɗe, idon ma ƙwayarsa kan goce daga mazauninta. Kusan mutum ɗaya cikin 5,000 ke da shi, ba ruwansa da ƙabila ko launin fata. Wanda ke da shi, kowane ɗa da zai haifa rabi da rabi ne, ko ya ɗauka ko ya tsira. Uku cikin huɗu gado suka yi, ɗaya cikin huɗu kuwa a kansu abin ya fara.

Flo Hyman baƙar fata ce 'yar Amurka, gwanar ƙwallon raga, tsawonta ya kusa mita biyu, tana cikin tawagar da ta ci lambar azurfa a gasar Olamfik ta 1984. Ranar 24 ga Janairu 1986 tana wasa a Japan, aka canza ta, ta zauna a benci, sai ta sulale ƙasa. Shekarunta 31. Da aka bincika gawar aka ga awotarta ce ta tsage, kuma ciwon Marfan ne da ba a taɓa ganowa ba. Abin da danginta suka yi bayan nan shi nake so mu ɗauka: suka je aka duba su, aka sami ɗan'uwanta da matsalar, aka yi masa tiyata tun kafin tasa ta tsage.

Mu nan dogaye sun yi mana yawa, kowace unguwa da Dogonta, kuma tsawo kaɗai ba ciwo ba ne. Abin lura shi ne haɗuwar alamu. Yaro ya buɗe hannuwansa biyu, faɗinsu ya fi tsawonsa. Ya kama wuyan hannunsa da babban yatsa da ƙaramin yatsa, su zagaye har su haura juna. Ƙirjinsa ya lotsa ciki ko ya turo waje kamar na tantabara, ƙashin bayansa ya karkace, tafin ƙafarsa a shimfiɗe, tun yana firamare ba ya ganin allo sai ya matso gaba. Idan waɗannan suka taru a jiki ɗaya, balle a gidan da wani ya taɓa faɗuwa farat ɗaya, kada a kwana biyu ba a ga likitan zuciya ba. A farkon shekarun 1970 matsakaicin shekarun da masu wannan ciwo ke mutuwa 32 ne. Yanzu da ake auna awotarsu a kai a kai, ana ba su magungunan rage ƙarfin bugun jini irin su atenolol da losartan, ana musanya jijiyar kafin ta fashe, suna kai saba'in.

A nan dole in tsaya a kan wani abu da ke faruwa kullum a kemis ɗin unguwa. Mutum ya ji zazzaɓi, ya ce taifot ne, yaron kemis ya miƙo masa ciprofloxacin, wanda kowa ke kira Cipro, ba takarda ba tambaya. A watan Disamba 2018 hukumar kula da magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi cewa wannan rukunin magani na ƙara haɗarin tsagewar awota, ta ce a guje shi ga masu ciwon Marfan da waɗanda awotarsu ta buɗe, sai in babu wani. Wanda bai san halin ƙirjinsa ba, ta yaya zai guje shi? Haka ɗaukar kaya masu nauyin gaske, da ɗaga ƙarfe da samarinmu suka rungumi yi, da kokawa da dambe, duk suna iya zama sanadi ga mai irin wannan jijiya. Kuma idan ta tsage, ciwo ne mai zuwa lokaci guda kamar an yaga ƙirji, yana ratsawa zuwa tsakanin kafaɗu, kuma a kwana biyun farko kowace awa da ta wuce ba a yi aiki ba tana ƙara yawan masu mutuwa. Ba a jiƙa wa wannan rubutu a jira safiya.

Sauran hanyoyin gadon zan taɓa su a gurguje. Akwai sakin bawul ɗin da ke tsakanin ɗakunan hagu, wanda likitan Johannesburg John Barlow ya bayyana a shekarun 1960. Mutum biyu zuwa uku cikin 100 na da shi, yakan bi gida, kuma ga mafi yawansu ba ya yin illa, bibiya kawai yake so. Akwai wani nau'in kitsen jini da ake kira Lp(a), wanda gado ne kusan kacokan ke yanke yawansa, abinci da motsa jiki ba sa taɓa shi sosai. A 2013 aka tabbatar da alaƙarsa da ƙandarewar bawul ɗin awota, kuma mu 'yan asalin Afirka mun fi Turawa yawansa a jini. Gwaji ɗaya a rayuwa ya isa a san matsayinsa. Sai jariran da aka haifa da ciwon Down, waɗanda kusan rabinsu na zuwa da lahani a zuciya, da 'yan matan da ke da ciwon Turner, gajeru waɗanda balagarsu ke jinkiri, da kusan ɗaya cikin uku nasu ke da ganye biyu. Duk waɗannan suna bukatar hoton zuciya tun farko.

Amma wanda ya fi cin 'ya'yanmu daban ne, kuma daga maƙogwaro yake farawa. Lokacin hunturu yaro ɗan shekara biyar zuwa sha biyar ya tashi da ciwon wuya da zazzaɓi, haɗiyar yawu na yi masa wuya. A ba shi farasitamol, ko a kai shi wurin wanzami a ce belu ne a cire. Kwana uku ya warware, kowa ya manta. Idan wata ƙwayar cuta ce mai suna sitiref ta jawo ciwon, bayan mako biyu zuwa uku garkuwar jikin wasu yaran takan rikice, ta kasa bambance ƙwayar cutar da naman jikin yaron, ta afka wa gaɓoɓi da bawul ɗin zuciya. Sai gwiwa ta kumbura yau, gobe ta sauka idon sawu ya ɗauka, jibi gwiwar hannu. A ce sanyi ne. Wata yarinyar kuma hannuwanta su fara fizga ba da sonta ba, fuskarta na motsi, cokali na faɗuwa daga hannunta, rubutunta ya lalace, ta riƙa kuka ba dalili. Nan take a ce iska ce, a fara turare da ruƙiyya. Ciwon gaɓoɓin zai wuce, fizgar ma za ta lafa bayan watanni. Tabon da ke kan bawul shi ne ba ya tafiya, kuma duk lokacin da ciwon wuyan ya dawo sai ya ƙara zurfi.

Ƙididdigar 2019 ta nuna mutum sama da miliyan 40 ke ɗauke da wannan ciwo a duniya, yana kashe fiye da 300,000 a shekara, galibinsu a ƙasashe matalauta. Wani babban bincike mai suna REMEDY ya bi marasa lafiya 3,343 a ƙasashen Afirka 12 da Indiya da Yaman, har da asibitocin Najeriya. Matsakaicin shekarunsu 28, biyu cikin uku mata ne, kuma cikin shekara biyu kusan kashi 17 cikin 100 sun rasu. Shekara 28, lokacin da mace ke da goyo a baya da wani a hannu.

To ina gado ya shigo? Yara ɗari za su kamu da ciwon wuyan nan ba a yi musu magani ba, amma 'yan kaɗan ne, kamar uku zuwa shida, garkuwarsu za ta juya musu baya. Waɗannan 'yan kaɗan ba haka kawai aka tsince su ba. Da aka tattara bayanan tagwaye a 2011, an ga idan tagwayen ƙwai ɗaya ne, ɗaya ya kamu, ɗayan ma na kamuwa a kashi 44 cikin 100. Idan na ƙwai biyu ne kuwa kashi 12 ne kacal, alhali su ma ɗaki ɗaya suke kwana, kwano ɗaya suke ci. A 2021 wani bincike da aka jagoranta daga Jami'ar Cape Town, wanda marigayi Farfesa Bongani Mayosi ya assasa, ya duba dubban 'yan Afirka daga ƙasashe takwas, har da Najeriya da Sudan, ya gano wani gurbi a ƙwayoyin gado da ke da alaƙa da ciwon a baƙaƙen fata. Abin da ake gada shi ne saurin kamuwa. Ciwon kansa sai ƙwayar cutar ta samu shiga, kuma cunkoso ne ke buɗe mata hanya: yara goma a ɗaki ɗaya, ɗakin kwanan makarantar kwana, zauren almajirai a daren sanyi. Ƙanen yaron da aka samu da wannan ciwo ya haɗa biyun, jini ɗaya da tabarma ɗaya.

Abin da ke ƙona mini rai shi ne arhar maganinsa. Allurar fenisilin guda, ko amoksisilin na kwana goma cif ba a yanke ba, ta isa ta kashe ciwon wuyan kafin ya kai zuciya. Wanda zuciyarsa ta riga ta taɓu kuma, allurar fenisilin mai daɗewa duk mako uku zuwa huɗu, a asibiti, na tsawon shekaru, tana hana tabon ƙaruwa. An gwada wannan a Yuganda a kan yaran da hoto ya nuna ciwon ya fara musu ba su sani ba, aka buga sakamakon a 2021: cikin waɗanda aka yi wa allura, ƙasa da ɗaya cikin 100 ne ciwonsu ya ci gaba a shekara biyu, cikin waɗanda ba a yi wa ba kuwa takwas ne. Tun a 2007 bincike a Mozambik da Kambodiya ya nuna hoton zuciya na gano yara kusan ninki goma na waɗanda kunnen likita ke ganowa.

Mata su ne suka fi shiga tsaka mai wuya. Juna biyu na ƙara yawan jinin mace da kusan rabi, duk kuma ta waɗannan ƙofofin zai bi. Bawul ɗin da ya tsuke yana lallaɓawa tun tana budurwa, a wata na shida ko na bakwai sai ya gaza. Ta kasa kwanciya sai ta jingina da filo uku, tari ya hana ta barci, wani lokaci har da jini. A ce mata laulayi ne, kowace mace da haka ta haihu. Bayan haihuwa kuma ga wankan jego da ruwa mai tafasa, ga kunun kanwa, wanda gishirinsa ke tara ruwa a jiki. Tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka rubuta yadda waɗannan al'adu ke da hannu a gazawar zuciyar masu jego, to ina ga wadda ta shigo da bawul mai rauni? Yarinyar da ta taɓa kumburin gaɓoɓi ko fizga tana ƙarama, ko wadda aka san ciwon a gidansu, a yi mata hoton zuciya kafin ciki, ba bayan ya tsufa ba. Wadda aka sa wa bawul na ƙarfe tana shan warfarin kuwa, lallai ta ga likitanta kafin ta ɗauki ciki, domin maganin na iya illata ɗan tayi, barinsa kai tsaye kuma na iya kashe ta.

Na san abin da ke sa gidaje yin shiru. Tsoro ne kada a ce gidan wane suna da ciwon zuciya, 'yan matansu su rasa manema. Na fahimci wannan tsoron, amma ɓoyewar ce ke kai amarya kabari a haihuwar fari. Mun riga mun koyi darasi a kan sikila. Shekarun baya wa zai yarda a gwada jininsa kafin aure? Sai ga shi a 2024 jihar Kano ta mayar da gwajin kafin aure doka. Sai dai a sani, wancan gwajin ba ya ganin zuciya ko kaɗan, mai AA na iya ɗauke da ganye biyu. Kada kuma a ɗora wa auren zumunci laifin da ba nasa ba. Gaskiya ne yana ƙara haɗarin wasu lahanin zuciya na haihuwa, amma Marfan daga mahaifi ɗaya kawai yake bukatar zuwa, ko da an auro matar daga wata ƙasa. Kuma yawancin masu waɗannan matsaloli, in an gano da wuri, suna aure su haihu su ga jikoki.

Hoton da nake ta ambata shi ake kira eko. Na taɓa raka wani aka yi masa. Ya cire riga ya kwanta a gefen hagu, likita ya shafa masa wani mai mai sanyi a ƙirji, ya ɗora ɗan abu kamar kan tocila, irin dai wanda ake duba masu ciki da shi. Sai ga zuciyar a allo, ganyen bawul na buɗewa suna rufewa kamar fukafukai, jini na gudana ja da shuɗi. Likitan ya nuna da biro inda launukan suka cakuɗe, ya ce nan ne yoyon. Ba allura, ba yanka, ba a kai minti talatin ba. Ya bambanta da gwajin da ake manna wayoyi a ƙirji takarda ta fito da zane, wancan ba ya nuna ganyen bawul, kada a ce an yi shi an gama. Ana yin eko a asibitocin koyarwa na Kano, Zariya, Sakkwato, Maiduguri da Jos, da manyan asibitocin Yamai. Da kuɗi, na sani, ga kuɗin mota ga wahalar layi. Amma dangin da ke iya haɗa gudummawar biki cikin mako guda za su iya haɗa na wannan, a fara da wanda ke haki, da mai shirin aure, da yara.

Wanda kuma ya riga ya fara gani a jikinsa, ba shi da lokacin jira. Tun 1968 likitoci biyu a Amurka, Ross da Braunwald, suka nuna cewa mai tsukakken bawul ɗin awota, daga ranar da ya fara ciwon ƙirji in ya yi tafiya saura masa kamar shekara biyar in ba a yi aiki ba, daga fara suma kamar uku, daga fara haki da kumburi kamar biyu. Ba ƙwayar da ke buɗe bawul ɗin da ya ƙandare, ba saiwa, ba tsimi. Musanya shi ake yi, kuma tun 1960 ake wannan aiki. A 2002 Alain Cribier ya fara sa shi ta cikin jijiya ba tare da tsaga ƙirji ba, a birnin Rouen na Faransa. Akwai na ƙarfe, akwai na naman dabba, kuma mai damuwa da na alade ya tambaya, akwai na saniya. Ana yin tiyatar a wasu cibiyoyi a Najeriya, kuma tun 2007 wata ƙungiyar agaji ta Italiya mai suna Emergency ta buɗe cibiyar Salam a Khartum, inda ta yi wa dubban 'yan Afirka aikin zuciya kyauta. Mai irin wannan bawul ya kula da haƙoransa, domin ruɓaɓɓen haƙori na tura ƙwayoyin cuta cikin jini su sauka a kan ganyen da ya lalace. Ya gaya wa mai cire haƙori halin da yake ciki, ya nisanci tsaga da ƙaho.

Hausawa sun ce in gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa, kuma ban san inda maganar ta fi dacewa da nan ba. A kowane gida akwai tsohuwar da ta san tarihin kowa. A zauna da ita yau, a ce, "Inna, Baffa wane me ya kashe shi? Yana da shekara nawa? Yana aiki ne ko yana kwance? Gwaggo wance da ta rasu a jego, ta yi kumburi?" A rubuta a takarda, ɓangaren uba da na uwa, a kai wa likita, domin ba zai san abin da ba a gaya masa ba. Wanda aka taɓa ce masa akwai ƙara a zuciyarsa, ko aka yi masa aikin bawul, ya kira 'yan'uwansa ɗaya bayan ɗaya ya gaya musu sunan ciwon yadda likita ya rubuta shi, har waɗanda suke uba ɗaya ko uwa ɗaya kawai.

Cikin ƙannen marigayin nan uku, na tsakiyan ne ya je, bayan matarsa ta yi ta yi masa magiya. Aka ga ganye biyu, awotarsa kuma ta fara buɗewa. An sa shi a kan magani, an hana shi ɗaukar buhu, an ba shi ranar komawa a sake aunawa. Sauran biyun har yau suna cewa sai kasuwa ta lafa. Marigayin ya bar 'ya'ya shida, babbansu ya gama sakandare bana, shi ne yanzu yake zama a shagon, shi yake sauke kaya idan mota ta zo.